Akwatin Linzami: Tsarin Wurin Sarrafa Mutum-mutumi Domin Gasar Ɗalibai

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ya san cewa ƙarfin doki da kyawun kwalliyarsa ba su wadatar da mahayi in linzami ya ɓaci. Dokin da ya fi kowane gudu shi ne ya fi haɗari a ranar da linzaminsa ya tsinke. Wannan magana ita ce tushen abin da wannan lacca za ta yi bayani a kai, watau yadda ake tsara akwatin da ɗalibai ke tsayawa a gabansa su sarrafa mutum-mutumin da suka ƙera, a lokacin gasa. Za a duba abin da ake bukata ga irin wannan akwati, da dalilin kowace bukata, tare da la'akari da halin da ɗalibin Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha yake ciki, na zafi da ƙura da ɗaukewar wuta da wuyar sufuri.

Kafin a shiga cikin maganar, ya kamata a daidaita sunaye. Kalmar da Turawa ke kiran wannan na'ura da ita ta samo asali ne daga wani wasan kwaikwayo da Karel Capek, mutumin ƙasar Cek, ya wallafa a 1920, kuma tushenta a harshensu yana nufin aikin tilas. Hausawa kuwa suka ɗauki mutum-mutumi, wanda da can ake kafawa a gona domin korar tsuntsaye, suka ba shi wannan sabuwar ma'ana, ko da yake yawancin na'urorin gasa ba su yi kama da mutum ba, sun fi kama da amalanke mai hannu. Shi kuma wurin da ake tsayawa a sarrafa shi, a nan za a kira shi akwatin linzami. Ba baƙon amfani ba ne, domin tuni Hausa ta saba da makami mai linzami, watau makamin da ake juya shi daga nesa.

2.0 Dalilin Kawo Wannan Magana a Kudancin Kaduna

Kudancin Kogin Kaduna wuri ne da ya daɗe da sanin inji. A nan tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction take, inda layin da ya taso daga Ikko ya haɗu da wanda ya biyo ta Kafancan. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila, sa'an nan wasu masaƙu suka biyo bayanta. A 1964 aka kafa hukumar ƙera kayan tsaro ta DICON. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, a 1980 kuma aka buɗe matatar mai. Dubban mutane suka koyi tsayawa gaban inji suna danna maɓalli, suna duban agogon awo. Sai dai mafi yawan waɗannan injuna da allunan sarrafa su daga waje aka tsaro su. Da masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002, wasu kuma suka bi sahunta, sai aka wayi gari da ƙwararrun masu aiki da inji, amma masu tsara shi kaɗan ne.

Gasar mutum-mutumi ta ɗalibai hanya ce ta koyon wannan tsarawa tun da ƙuruciya. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Dean Kamen ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989, aka yi gasarta ta farko a 1992 a jihar New Hampshire da ƙungiyoyi 28. A 2017 aka fara gasar FIRST Global a birnin Washington, inda ƙasashe fiye da 150 suka tura matasa, har da Nijeriya. Kaduna kuwa ba ta rasa inda irin wannan shuka za ta tsiro ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta faro a matsayin makarantar koyon sana'a a 1956, tana da harabar da take Barnawa, kuma Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977, a Kaduna hedkwatarta take.

Abin da aka fi yin sakaci da shi a irin wannan gasa shi ne akwatin linzami. Ɗalibai kan shafe watanni suna ƙera mutum-mutumi, sa'an nan ana gobe tafiya a tattara kwamfuta da wayoyi a zuba cikin jaka. Jami'in da ke sa hannu a takardar kuɗi shi ma na'urar da ke motsi yake gani, ita ce abin nuna wa baƙi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Waya guda da ta zare cikin sakan goma na iya ɓata aikin wata shida.

3.0 Abin da Gasa ke Bukata

Matakin farko na kowane tsari shi ne karanta dokar gasa, domin ita ce ke yanke girman akwati da abin da aka yarda a sa a ciki. Alal misali, a babbar gasar FIRST ta makarantun sakandare, fili yana da tsawon kimanin mita 16 da faɗin mita 8, ƙungiyoyi 3 suna karawa da wasu 3. A gasar 2024 kowane zagaye minti 2 da rabi ne. Sakan 15 na farko na'ura ke tafiyar da kanta bisa umurnin da aka rubuta mata, sauran lokacin kuwa ɗalibai ke tuƙa ta. Matuƙa suna tsayawa bayan wata garkuwa mai haske kamar gilashi, a gabansu akwai kanta mai zurfin kimanin ƙafa 1, kuma dokar ta hana akwati ya wuce ƙafa 5 a tsawo. A kan kantar an shimfiɗa ƙyallen nan mai kama ɗan'uwansa kamar ƙarangiya, domin na'ura mai nauyin kilo 50 in ta daki bangon a guje, kwamfutar da ba a manne ba ƙasa za ta yi. Har ila yau an hana ƙungiya kawo tata hanyar rediyo. Waya guda ake ba ta ta haɗa da na'urar alƙalan gasa, su kuma su isar da saƙo ga mutum-mutumi.

Daga wannan bayani ana iya fitar da sharuɗɗa huɗu. Akwati ya zama ɗalibi ɗaya zai iya ɗauka. Ya zama ana iya girka shi cikin minti ɗaya ko biyu, tun da zagaye na bin zagaye. Ya jure duka da girgiza. Sa'an nan ya zama matuƙi na iya aiki da shi ba tare da ya sauke ido daga fili ba.

4.0 Hannun Matuƙi da Idonsa

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojan saman Amurka ya yi ta asarar jiragen B-17 wajen sauka. Matuƙa ƙwararru sukan janye ƙafafun jirgi alhali suna nufin taɓa fikafikan rage gudu, sai jirgi ya kwanta da ciki. An daɗe ana ɗora laifin a kan matuƙa, har wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Alphonse Chapanis ya lura cewa makunnan biyu kamarsu ɗaya, kuma suna gefen juna. Sai aka sa wa na ƙafa ɗan ƙaramin taya, na fiffike kuma aka ba shi siffar fiffike, yadda hannu zai gane kowanne ko a cikin duhu. Da haka matsalar ta kau. Darasin da ke nan shi ne, kuskuren da mutane daban-daban ke maimaitawa a wuri ɗaya, a tsarin wurin ya kamata a fara neman dalilinsa.

Bisa ga haka, maɓallan da ke kan akwatin linzami kada su zama jeri guda masu kama ɗaya, ko da kuwa hakan ya fi kyan gani. A bambanta su da siffa da girma da tazara. Wanda aka fi dannawa ya zauna ƙarƙashin yatsa. Wanda danna shi bisa kuskure zai jawo ɓarna, kamar na sakin kaya ko na naɗe hannun na'ura, a nisanta shi, ko a yi masa murfi. Kada a dogara ga launi kaɗai, domin akwai mutane, musamman maza, da ba su bambanta ja da kore. Motsin sanda kuma ya dace da motsin abin da take juyawa: in an tura ta sama hannu ya ɗaga, in an ja ta ƙasa ya sauka. Sunan kowane maɓalli a rubuta shi gajere da manyan haruffa, cikin harshen da matuƙi ke tunani da shi lokacin da hankalinsa ya tashi. Ɗaga, Sauke, Kama, Saki da Tsaya kalmomi ne gajeru, kuma ɗan Makera ba ya bukatar fassara su.

Akwai wata matsala da kowane sabon matuƙi ke cin karo da ita. In mutum-mutumi ya juyo yana fuskantar mai tuƙa shi, damarsa ta zama hagun matuƙi. Ana magance wannan ta hanya biyu. Ta farko, a yi wa gaban na'ura alama babba da za a hango daga nesa. Ta biyu, a sa mata ma'aunin juyi, a rubuta umurni yadda tura sanda gaba zai nufi nesa da matuƙi a kullum, ko ina na'urar ta fuskanta. Yawancin ƙungiyoyi kuma sukan raba aiki tsakanin mutum biyu, ɗaya ya riƙe tuƙi, ɗaya ya riƙe hannu. In haka ne, sai a raba fuskar akwati biyu, a bar tazarar da gwiwar hannunsu ba za ta riƙa karo ba.

Dangane da abin da ido zai gani, akwai darasi mai tsada daga tashar lantarki ta nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, a 1979. Wata fitila a ɗakin sarrafawa ta sa ma'aikata suka ɗauka wani bawul ya rufe, alhali abin da take nunawa kawai shi ne an aika masa umurnin rufewa. Bawul ɗin yana buɗe, ruwan sanyaya inji yana zuba, har fiye da awa 2. Saboda haka fitilar da ke kan akwatin ɗalibai ta riƙa nuna abin da ya auku a jikin na'ura, ta hanyar ma'aunin da ke can, ba abin da aka nemi ya auku ba. Abubuwa uku sun isa a nuna su baro-baro: ko akwai sadarwa, ƙarfin baturin na'ura, da lokacin da ya rage. Sauran lissafi a bar wa mai gyara ya duba bayan an tashi.

5.0 Jinkiri da Tsayarwar Gaggawa

Tsakanin ganin abu da motsa yatsa, ɗan'adam yana ɗaukar kimanin rubu'in sakan. Na'urar da ke gudun mita 3 a sakan ta riga ta ci santimita 75 kafin matuƙi ya motsa. In hanyar sadarwa ta ƙara jinkirin kashi ɗaya bisa biyar na sakan, an ƙara santimita 60 ke nan. Wannan ne ya sa masu tsari ke ƙyamar duk abin da zai cushe hanya, musamman hoton kyamara mai nauyi. Gara hoto maras kyau da ya iso kan lokaci da mai kyau da ya makara.

Tambaya mafi muhimmanci a tsarin linzami ita ce, me zai faru in linzamin ya tsinke? Masu jirgin ƙasa sun amsa ta tun 1872, lokacin da George Westinghouse ya fito da birki mai aiki da kansa. A tsarinsa, iskar da ke cikin bututu ita ke hana birki kamawa. In taragu suka rabu, bututu ya tsinke, iska ta fita, birki ya kama ko babu wanda ya taɓa shi. Irin wannan dabara ake bi a nan. Akwati yana aika wa mutum-mutumi ɗan saƙo a kai a kai, sau da yawa a kowane sakan, kamar bugun zuciya. Da zarar saƙon ya yanke na ɗan lokaci, sai na'ura ta kashe injunanta. Rashin umurni, a wurinta, umurnin tsayawa ne.

Haka kuma maɓallin tsayarwar gaggawa. Bisa ƙa'idar da duniya ta yarda da ita, ja ne, babba, mai kai kamar lema, a kan fage rawaya, kuma in an danna shi yana maƙalewa sai an murɗa da gangan. Ana haɗa shi yadda wuta ke ratsa shi a kullum, dannawa ita ke yanke ta. Amfanin haka shi ne, in wayarsa ta tsinke na'ura za ta tsaya, a gane akwai matsala. In an haɗa shi akasin haka, waya na iya tsinkewa tun makon jiya ba wanda ya sani, sai ranar da aka danna bai amsa ba. A manyan gasa alƙalai ke tanadar wannan maɓalli, amma a ɗakin gwaji na makaranta, inda yara ke zagaye da na'ura, wajibi ne akwati ya zo da nasa.

6.0 Wuta, Ƙura da Zafi

Littattafan da ake rubutowa daga waje sukan ɗauka cewa wuta tana nan a bango kullum. Mai tsari a Kaduna ba zai ɗauka haka ba, tilas ya yi lissafi. A ɗauka kwamfuta na cin wat 45, na'urar sadarwa ta gwaji wat 10, fitilu wat 5, jimla wat 60. Baturin dalma mai bolt 12 da amfiya 18 na awa yana ɗauke da wat 216 na awa guda. Amma irin wannan baturi in ana zuƙe shi fiye da rabi ba ya daɗewa, don haka 108 ne abin dogara, watau aikin awa 1 da minti 48. Yinin gwaji na awa 6 zai bukaci 360, watau batura 4, kowanne kimanin kilo 6. Nan take akwatin ya tashi daga abin ɗauka ya koma kaya. Mafita ita ce a sa baturi ɗaya a cikin akwati, a yi masa mazaunin da za a sauya shi cikin sauƙi, sauran su zauna a wurin caji. A sa fis kusa da baturi, domin waya biyu in suka haɗu za su iya tayar da gobara.

Wanda zai fita waje kuma ya tuna cewa wutar Nijeriya bolt 230 ce, da filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, ta Amurka kuwa bolt 120 ce, da nata filogin daban. Baturin litiyam ya fi na dalma sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, amma kamfanonin jiragen sama ba su yarda a sa wanda ba ya jikin na'ura cikin kayan da ake aunawa ba, sai a jakar hannu, kuma wanda ya wuce wat 100 na awa sai da izini.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kawo ƙura mai laushi da ke shiga cikin sanda da maɓalli, har su fara ba da umurnin da ba a ba su ba. Bushewar iska kuma na sa jiki ya tara lantarkin nan da ke tartsatsi in an taɓa ƙarfe, wanda ke iya ƙona ƙananan sassan na'ura. Don haka murfi ya rufe ruf, da roba a bakinsa, kuma mai gyara ya taɓa ƙarfe kafin ya taɓa allon lantarki. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 35, kwamfutar da aka toshe mata iska sai ta rage wa kanta gudu ko ta mutu. Nan bukatu biyu suka ci karo, ƙura na so a rufe, zafi na so a buɗe. Sulhun shi ne akwati ya rufe sarai lokacin tafiya, in an buɗe shi domin aiki kuma kwamfuta ta zauna a kan ƙafafu da sarari a ƙarƙashinta, ƙofofin iska kuwa a sa musu raga da soson da za a iya cirewa a wanke.

7.0 Jikin Akwati da Gwajinsa

Ba lalle sai an yi odar akwati daga waje ba. Katako mai falle-falle da ƙarfen alminiyum a kusurwoyi sun wadatar, kuma kafintocin Kakuri, ko maƙeran tsohuwar kasuwar Panteka da ke ƙetaren kogi, za su iya haɗa shi in an ba su zane mai awo. Nauyinsa kada ya wuce abin da ɗaliba mafi ƙanƙanta a ƙungiya za ta iya hawa bene da shi, girmansa kuma ya shiga Keke Napep. Mafi yawan lalacewa a mahaɗar waya take aukuwa. Saboda haka a ɗaure kowace waya a jikin akwati kusa da bakinta, yadda in an fizge ta ɗaurin ne zai ji, ba kwamfuta ba. Abin da zai fito waje kada ya wuce biyu, wayar wuta da wayar sadarwa. A rubuta wa kowace suna a duka bakinta biyu. A cikin murfi a manna takardar jerin abin dubawa, a kuma ware aljihu domin sanda ta biyu da wayar canji da fis da sukurdireba.

Kafin ranar gasa a gwada akwati da gangan. A ɗora shi a mota a bi hanya mai gargada, a dawo a kunna. A zare wayar sadarwa na'ura tana tafiya, a ga ko ta tsaya. A kashe wutar bango ana tsakiyar tuƙi. A ba ɗalibin da bai taɓa ganinsa ba ya girka shi ana duban agogo. A rufe wa matuƙi ido a ce ya nemo kowane maɓalli. Duk inda aka samu tangarɗa a rubuta, a gyara, a sake gwadawa, domin gara a ji kunya a ɗakin gwaji da a ji ta a gaban alƙalai.

8.0 Kammalawa

An ga cewa akwatin linzami ya haɗa ilmi iri-iri: halayyar ɗan'adam, lissafin wuta, aikin kafinta, sanin yanayin gari, har da zaɓen kalma. Ga ɗalibai, shawara ita ce tun ranar da aka fara zanen mutum-mutumi a ware mutum biyu su fara zanen akwatinsa, kuma matuƙa su samu aƙalla makonni suna gwaji da shi. Ga ma'aikatan gwamnati masu duba kasafin makarantu, in aka kawo takardar neman kuɗin gasa babu batura, babu maɓallin gaggawa, babu kayan canji, to takardar ba ta cika ba, a mayar da ita a cike. Kuɗin waɗannan abubuwa kaɗan ne in an gwada da na na'urar kanta. Ɗalibin da ya koyi tambayar abin da zai faru in waya ta tsinke, shi ne gobe za a iya damƙa wa tsarin ɗakin sarrafa matata ko na tashar ruwa, kuma irinsa ne masana'antun kudancin Kaduna za su bukata duk ranar da injunansu suka sake tashi.